Wando Babu Aljihu: Kukana ga Shugaban Gidan Gyaran Hali

Zuwa ga Shugaban gidan gyaran halin da na yi wata tara a cikinsa.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa tare da fatan kana lafiya, kai da gandirobobinka.

Sunana Habu, mutumin Kademi ne ni, a ƙasar Gaya. Ba na musun laifina. Na kai ragon maƙwabcina kasuwa ba tare da shi ko ragon sun amince ba. Kafin nan kuwa ko fartanya ba na ɗagawa, ƙannena ke noma gonar gidanmu. Kukana uku ne.

Na ɗaya. Da aka ce a zaɓi sana'a, yawancin 'yan ɗakinmu ciwon baya ya kama su nan take, har da wani ƙato daga Gafasa da ke kokawa kullum bayan la'asar. Wasu sun ba da suna don kawai su sha iska a waje. Ni ma iskar ce ta kai ni ɗakin ɗinki, sai na ji abin ya shiga raina. Amma mu goma sha ɗaya aka tara wa keke guda. Masu shan iska su hau su yi gyangyaɗi a kansa, mu masu son koyo muna tsaye.

Na biyu, wanda ya fi yi mini ciwo. Abu ɗaya rak aka koya mana: wandon fursuna. Babu aljihu, babu ado, tsawonsa iyakar ƙwauri. Na tambayi malaminmu yaushe za a zo kan aljihu, ya ce wannan darasin shekara ta biyu ne, ni kuma hukuncina bai kai can ba.

Da na fito, yayata ta ba ni aron kekenta. Mai unguwarmu, don ya nuna wa jama'a cewa na shiryu, ya kawo mini shaddarsa ta Sallah. Na zage na yi iyakar abin da na iya. Ranar Idi dattijon nan ya fito yana laluben inda zai sa carbi, wani baƙo daga Toranke kuma ya riƙe hannunsa yana yi masa barka da fitowa, yana tambayar shekara nawa ya yi. Tun daga ranar ko facin buhu ba a sake kawo mini ba.

Na uku. Matata ta haƙura da zaman kurkukuna, amma ta ce idan na koma zaman dakali, gidansu za ta tafi. Ranka ya daɗe, ni yanzu aikin nake so, aikin ne ban gama iyawa ba.

Don haka ina roƙon a ƙara kekuna, a raba masu son koyo da masu son inuwa, a kuma dawo da darasin aljihu watan farko. Ni kuma a ba ni izinin zuwa in ƙarasa karatuna a matsayin ɗalibin jeka-ka-dawo. Sai dai ina son takarda mai sa hannunka da hatimi, wadda za ta shaida wa mai tsaron ƙofa cewa da yamma gida zan koma.

Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya shiryi waɗanda ke hannunka.

Wassalam.

Naka,
Habu Tela, Kademi.