Garmar da ta kauce

Padova, 3 ga Nuwamba, 1957

Zuwa ga mahaifina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata ciwon bayanka ya yi sauƙi. Yaya Mama da ƙanena Cosimo? An gama shukar alkama?

Ni lafiya lau nake. Ɗakina da ɗan sanyi, amma ina karatu cikin bargo.

Albishirinka, Baba, na ci jarrabawar Latin! Tun zuwana 'yan ajinmu ke kirana "'yar shanu" saboda maganata ta ƙauye. Ran Litinin Farfesa Zanetti ya tsayar da ni gabansu ya ce, "Assunta, jero mana sauye-sauyen kalmar *serere*, wato shuka." Na ce, "*Sero, sevi, satum*," ko gargada babu. Sai ya tambayi ajin asalin *delirare*, wato zautuwa.

Na ce, "Malam, *lira* ai kunyar gona ce. Wanda garmarsa ta kauce daga layi, shi ne ya zautu. Babana har yau haka yake zagin Cosimo."

Ya yi dariya har da cire tabarau, ya ce, "A wane littafi kika gani?"

Na ce, "A bayan shanun noma."

Makaranta ta ba ni gurbin karatu na shekara mai zuwa, saboda haka ba zan dawo girbi ba. Na san hannu ɗaya ya ragu a gona. Kai za ka faɗa wa Mama, ni na kasa rubuta mata.

Allah ya ƙara maka lafiya.

'Yarka,
Assunta