Baƙin Mayafin Inna

Bebeji, 3 ga Yuli, 1956

Takarda daga Baturiya zuwa ga ƙanwata Furera, matar Malam Rufa'i malamin daji, a Tudun Wada.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da abin da ke cikinki. Maigidana Ladan ne yake rubutawa, ni ina faɗa, don haka in kin ji magana ta yi laushi, hannunsa ne, ba bakina ba.

Jikin Inna ya ƙi. Tun da idonta ya rufe bara ba ta yi kwanciya irin wannan ba, kunu ma sai an lallashe ta. Ba ta kukan ciwo. Abu ɗaya take tambaya safe da yamma, baƙin mayafinta. Kin san wanda nake nufi, wanda ta kaɗa zarensa da hannunta shekarar da take da cikinki, aka saƙa a Kiru, aka rina, aka buga har yana ɗaukar ido. Kin are shi bayan ƙaramar salla za ki biki, kika ce kwana bakwai. Ban san yadda kuke ƙirga kwana a Tudun Wada ba, amma a Bebeji an kusa wata biyu.

Ta ce ranar da za a fita da ita, shi take so a lulluɓa a kan makararta. Na ce ta daina wannan magana, ta ce ni ce zan daina yi mata gardama.

Na san ba za ki iya zuwa ba, ciki ya tsufa, ruwa kuma ya ɓata hanya. Ki ba Umaru direba mayafin, Ladan zai tare motarsa a Kwanar Dangora ranar kasuwa. Ki gai da Malam Rufa'i. Haza wassalam.

Yayarki, Baturiya

Tudun Wada, 12 ga Yuli, 1956

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Gaisuwa da girmamawa. Yaya mai jiki? Allah ya ba Inna sauƙi, ya tashi kafaɗunta. Wannan rubutun nawa ne da kaina, Yaya, Malam ya koya mini boko, ba mai jin sirrinmu a nan.

Ga mayafi nan na ba Umaru, da sabulu mai ƙamshi guda biyu na Inna. Ki yi haƙuri da jinkirin. Na ga ya ɗan dusashe ne, na aika aka sake buga shi, in kin ga ya canja kaɗan to bugun ne.

Amma Yaya, ki lallaɓa Inna ta bar zancen makara. Kuma tsakani da Allah, wa yake yafa irin wannan yanzu? Da za ki zo nan ki ga matan ma'aikata, da kin riƙe baki. Atamfa ake ɗaurawa, a kawo gyale shara-shara a ɗora a kafaɗa, ba nauyi, ba zafi, in kina tafiya iska na wasa da shi. Akwai wata dillaliya, Kyauta, ita ke kawo mana daga kantunan Kano, tana shiga gida-gida da ƙunshinta. Ni ma na samu ɗaya ruwan hoda mai zanen furanni a baki. In na sauka lafiya zan sa ta nemo miki kore, ya fi dacewa da fatarki. Kin daɗe a cikin baƙaƙen kaya kamar mai takaba.

Ki gai da Yaya Ladan, ki shafa mini ƙafar Inna.

Ƙanwarki, Furera

Bebeji, 18 ga Yuli, 1956

Furera,

Gaisuwa. Ladan ya ce in ƙara wani abu a kan gaisuwar, na ce ya rubuta abin da na faɗa kawai.

Ƙunshinki ya iso. Ni da nake da ido biyu na buɗe, na ga baƙi, na ga ƙyalli, na yi hamdala. Na kai wa Inna da murnata, na shimfiɗa mata a cinya. Ta shinshina. Ta bi bakinsa da yatsa har ta kai geza, ta kama zare ɗaya ta murza. Ta daɗe tana murzawa.

Sai ta ce, "Baturiya, wannan na waye?"

Na ce, "Naki mana, Inna. Furera ta ce an sake bugawa ne."

Ta ce, "Bugu ba ya juya zare. Wannan mai hannun dama ce ta kaɗa shi."

Kin manta uwarki bahaguwa ce? Shekara nawa kina zaune a gabanta tana juya mazari da hagu, mata suna tsokanarta wai zarenta baya-baya yake murɗuwa? Duk Bebeji masaƙa sun san zaren Inna ko a cikin dubu. Ke da kika sha nononta ce kaɗai ba ki sani ba.

Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta naɗe shi da kyau ta miƙo mini, ta ce a mayar wa mai shi, kada a ce ta riƙe kayan wata. Daga nan ta juya fuska bango. Ranar ko kunun ba ta sha ba.

Na ji kunya, Furera, don da bakina na faɗa mata ƙaryarki. Ban damu da koren gyale ba, ki bar wa masu fatar da ta dace. Ki gaya mini inda mayafin Inna yake, kuma ki yi sauri, don ba ta da kwanakin da za ki ƙirga irin naku.

Baturiya

Tudun Wada, 25 ga Yuli, 1956

Yaya,

Ina gaisuwa, in za ki amsa. Ba shi a hannuna. Na ba Kyauta, ta ba ni gyalen.

Ki bari in faɗa miki yadda aka yi, ko da ba zai wanke ni ba. Bikin nan a gidan malamin asibiti aka yi. Na shiga da mayafin Inna ina jin ba wadda ta kai ni, don a Bebeji in ta yafa shi har leƙowa ake yi. Matar gidan, Saudatu, ta zaunar da ni a bakin gadonta, kan farin zanen gado da fararen matasai. Ana zafi, na yi gumi. Da na tashi sai ga shuni ya zauna a kan farin nan, shatar bayana gaba ɗaya. Wuyana shuɗi, tafin hannuna shuɗi. Sai wata ta ce, "Baiwar Allah, daga marina kike?" Suka fashe da dariya. Saudatu ba ta yi dariya ba, ta dai yaye zanen gadon a gabana ta fita da shi riƙe da yatsa biyu.

Na san abin da za ki ce, a wurinmu shunin da ya kama fata ado ne, da shi ake gane mayafi na ƙwarai. Ke ba a taɓa yi miki dariya a kansa ba. Ni a nan zan zauna da su, kullum. Washegari Kyauta ta shigo da ƙunshinta, ina cikin takaici, ta ga mayafin a kan igiya, ta ce mu yi musaya. Wallahi ko ƙifta ido ban yi ba. Na ce a raina Inna ba ta gani, ba ta fita, me za ta yi da shi.

Da takardarki ta farko ta zo na aika a kira Kyauta. Ta ce ta sayar a kasuwar Doguwa, wata Bafillatana ta saya. Shi ne na nemi mai kama da shi na aiko. Bayan takardarki ta biyu na faɗa wa Malam gaskiya, ya hau keke har Doguwa, ya bi rugage kwana biyu cikin ruwa. An ce mutanen sun tashi da shanunsu, ba wanda ya san inda suka nufa.

Ga gyalen nan a ƙunshi, ba na iya kallonsa. Ki ƙona shi ko ki yi tsumma da shi. Ki roƙa mini Inna gafara, ki ce ni ce na faɗa da bakina. Ciwon mara ya fara taɓa ni jefi-jefi, ina tsoro, Yaya.

Ƙanwarki, Furera

Bebeji, 2 ga Agusta, 1956

Furera,

Bayan gaisuwa. Inna ta rasu ranar Litinin da hantsi. Allah ya jiƙanta.

Ladan ya karanta mata takardarki tun tana da hankalinta, bai tsallake komai ba. Ta ce a ba ta gyalen. Ta shafa shi, ta sa hannu a ƙarƙashi, ta ce, "Wannan ne?" Na ce shi ne. Ta ce, "Ai iska za ta ratsa shi. Mai jego ba ta yafa wannan da damina, sanyi zai kama ta. Ki aika mata da gwadona." Ta ce kuma ta yafe.

Da aka zo fita da ita, zanen maƙwabciyarmu Turai muka ara aka lulluɓa makarar. Da aka dawo daga maƙabarta muka mayar mata da abinta.

Ga gwadon nan, ga gyalenki, ban ƙona ba. Ki yafa shi ki shiga cikin matan ma'aikata, ba zai ɓata zanen gadon kowa ba. In kin sauka ki aiko, zan zo in yi miki wankan jego don Inna ta ce in je. Ita ta yafe miki. Ni kada ki tambaye ni tukuna.

Wassalam.

Baturiya