Agogon Tsohon Tela

Zuwa ga angona mai manyan kunnuwa,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya aikin hanya, ya zafin kwalta? Ina fatan har yanzu ba su gane rago suka ɗauka ba. Mu nan sai godiya, in ka cire gwiwata da ke kuka kamar tsohuwar ƙofa. Takarda na zaɓa don in na kira ka a waya kakanka yana jin komai. Kunnensa ne kaɗai abin da ciwon shanyewar jikin nan bai taɓa ba.

Ka tambayi jikinsa. Bakin ya koma daidai, ƙafa tana ɗan ja, amma hannun dama ne abin. Babban yatsa da manuni, waɗanda ya tsufa yana riƙe allura da su, sun zama kamar na aro. Duk da haka kullum sai ya tafi shago. Ya buɗe, ya share, ya rataya tef a wuya, ya zauna gaban keke. Masu kawo sabon yadi sun ɗauke ƙafa, sai masu wando a rage tsawo, shi ma sai ya wuni a kan ƙafar wando ɗaya. Babanka ya ce a rufe shagon a mayar wa mai ginin makullinsa, kada wata rana a tarar da tsoho a ƙasa cikin ƙyallaye ba wanda ya sani. Ba ƙarya ya yi ba. Amma ni da na ci gishirin zama da mutumin nan, na san in aka raba shi da makullin, an gama da shi.

Ana cikin wannan ja-in-ja sai ya ce in raka shi wurin mai agogon bakin tasha. Mai agogo ya baje mana kaya, masu batir, masu ƙyalli, har da wani da ke faɗin lokaci da muryar mace. Na nuna masa wani mai ruwan zinariya, ya ce shi ba zance za shi ba. Can ƙasan gilashi ya hango wani mummuna kamarka. Baƙar fuska, manyan lambobi farare, ƙarfen ba ya ko sheƙi, maɗaurinsa irin zanen tanti. Mai agogo ya ce ƙirar sojojin Jamus ne, ba ya tsoron ƙura ko faɗuwa, hannayensa suna haske a duhu, amma ba na tsoho ba ne. Ba shi da batir. Kullum sai an kama ɗan kan da ke gefe an wana shi da yatsu, in ba haka ba ya mutu. Kakanka ya ce shi yake nema. Ya juya shi, ya kushe ɗinkin maɗaurin, ya ce ashe Jamusawa ma suna da telan banza, sannan ya ɗaura.

Da yamma ya kira babanka, ya ajiye agogon a gabansa. Ya ce, “Yatsun da ke wana wannan su ne ke riƙe allura. Ranar da na kasa wana shi, ni da kaina zan miƙo maka makulli. Kafin ranar, kada ka sake yi min maganar.” Babanka ya sunkuyar da kai ya ce ya ji.

Ka ga yanzu an yi min abokin zama mai cak-cak a ɗaki. Ka ci abinci, na ga hotonka, wuya kamar mariƙin cokali.

Taka ta tun kana wando a hannu,
Kakarka.

*

Zuwa ga mijin da ba cefane,

Gaisuwa da fatan alheri. Na samu amsarka, rubutu kamar kaza ta taka tawada, amma na karanta. Ya murar da ka ce kana yi? Kowa a gida yana gaishe ka.

Abin da zan faɗa maka, in ya fita daga bakinka, na sake ka saki uku.

Da fari abin ya yi kyau. Kullum bayan shayin safe sai ya kwance agogon, ya riƙe da hagu, ya kama ɗan kan da yatsun nan biyu. Sai ka ga ya cije leɓe, jijiyar wuya ta tashi, kamar mai ɗaga buhu. Ya murɗa, yatsa ya zame, ya goge a riga, ya sake kamawa. In ya gama sai ya kara a kunnena ya ce in ji aikin maza.

Sai dai murɗawar tana raguwa, shi kuma bai lura ba. Wata yamma ya shiga wanka ya bar shi a kan taga kamar kullum. Na zo ɗaukar tsintsiya, na ji shiru. Ɗan ƙaramin hannun nan mai gudu ya tsaya cak. Na tsaya ina kallonsa, ina jin ƙarar ruwa a bayi. Ranar da aka saya na ga yadda mai agogo ya yi, don haka na ja kan, na daidaita da na bango, na murɗa kaɗan, na ajiye yadda na same shi. Ya fito, ya ɗaura, bai lura da komai ba.

Tun daga ranar na koma ɓarauniya a ɗakina. Da safe in ya shiga wanka, sai in ɗan ƙara masa kafin a kawo shayi, shi kuma ya zo ya ɗora tasa murɗawar a kai. Yanzu har alfahari yake wa mai wanki na gefen shagonsa, wai murɗa kaɗan ta ishi agogon Jamus ya kwana yana tafiya, wai hannu ma yana dawowa. Ni kuwa ina ganin yadda yake zura zare a allura, sai ya juya baya ga ƙofa don kada masu wucewa su gani. Wani lokaci zaren yana hannunsa har rana ta yi tsaka.

Ban san ko daidai nake yi ba. Abin da na sani, yana cin abinci, yana tsokanata, yana fita da hula a karkace. Ƙarshen makon nan babanka zai zo ya karya da mu, ya ce yana so ya gani da idonsa.

Ka yi mana addu’a, in ka iya.

Kakarka.

*

Zuwa ga jikana,

Ina gaishe ka. Ina fatan kana lafiya. Yau ba ni da bakin wasa sosai.

Babanka ya zo da sassafe, shi da mamarka. Da na ji tsayuwar motarsa sai tsoro ya kama ni. Na ce a raina, in abin nan ya tsaya suna nan fa? Kakanka yana wanka, na ɗauki agogon na yi ta murɗawa. Ni a tunanina kamar tulu ne, gara a cika shi. Na murɗa har ya ƙi gaba, na ji daɗi, na ajiye. Ba wanda ya taɓa gaya min cewa in ya cika, ko ƙato ba ya iya motsa shi.

Aka sha shayi. Kakanka ya sa farar rigarsa, yana ta raha, har ya ce wa mamarka ta kawo yadi ya ɗinka mata abin da telan birni bai iya ba. Sai ya kwance agogon ya ce wa babanka ya buɗe ido da kyau.

Ya kama kan. Bai motsa ba. Ya goge yatsa, ya sake kamawa. Ko alama. Ya matso da shi jikin ƙirjinsa, ya sa ƙarfinsa duka, gumi yana bin gefen hula. Mamarka ta tashi ta shige kicin. Babanka ya kafa ido a kan tabarma. Da ya karɓa ya gwada da kansa, da ya gane, amma wane ɗa ne zai karɓe abu daga hannun ubansa a irin wannan hali?

Ni na sani. Ina zaune, kofi a hannuna, ina auna maganar. In na ce ni na cika shi, na tona masa asiri gaban ɗansa cewa tuntuni mace ke wana masa agogo. In na yi shiru, ga abin da ke faruwa. Kafin in zaɓa, ya ajiye agogon, ya laluba aljihu da hannun hagu, ya fito da makulli ya ɗora kusa da kofin babanka. Ya ce, “Magana ɗaya na yi.” Babanka ya ce, “Baba, a bari sai gobe a sake gwadawa.” Kakanka ya ce, “Ɗauki.”

Bayan sun tafi na gaya masa komai. Na zaci zai yi faɗa, har na shirya amsa. Tambaya ɗaya ya yi min, tun yaushe. Na faɗa. Ya gyaɗa kai, ya ce in sauke labule, haske yana damun sa.

Kada ka kira babanka a kan maganar nan. Shi ma bai ci abinci ba ranar.

Kakarka.

*

Zuwa ga angona,

Gaisuwa mai yawa. Na ji an ce kun kai hanya bakin gada, sannunku. Mamarka tana gaishe ka, mai wanki ma ya ce in gaishe da mai kunnuwa.

Ka ce in roƙe shi ya karɓi makullinsa tunda kuskurena ne. Na roƙa. Cewa ya yi a bar agogon a kan taga, kada kowa ya taɓa, sai ya mutu don kansa. Muka zuba masa ido har ya tsaya. Washegari ya ɗauka ya wana da yatsunsa, ya yi iya yinsa, kan kuwa ya juya. Na yi murna har na fara yi masa kirari. Ya ce in dakata tukuna. Rana tana karkatawa agogon ya tsaya. Ya dube shi, ya ce, “Kin gani. Hannun rabin wuni ya rage min. Ba a buɗe wa mutane shago da shi.”

An kwashe kayan. Keken yana nan a lungun ɗaki, na rufe shi da tsohon zanen gado. Wani mai sayar da waya ya kama shagon, har ya yi fenti. Kakanka ya daina bin wannan titin.

Ba ya fushi da ni, da ma fushin yake yi da na fi samun sauƙi. Sharaɗi ɗaya ya kafa min, in na sake taɓa agogon zai ba almajirin mai agogo kyauta. Kullum da safe yana wana shi da kansa. Muddin yana tafiya, kakanka yana nan, ya zauna a ƙofar gida, ya amsa gaisuwa, ya kushe ɗinkin rigar duk wanda ya wuce. Da ya kara a kunne ya ji shiru, sai ya tashi ya shiga ɗaki ya kwanta, fuska ga bango. Abincin dare sai na yi da gaske. Na yi masa tsiya, na yi masa waƙa, na ce zan gudu wurinka, ko juyowa ba ya yi.

Da, sai rana ta karkata agogon yake tsayawa. Makon nan tun ina tsakiyar girkin rana nake jin jan ƙafarsa zuwa ɗaki. Jiya ko tukunya ban ɗora ba ya shige.

Ka ce za a ba ka hutu ƙarshen wata. Kada ka jira ƙarshen wata in da hali. Kuma kada ka biyo motar yamma kamar yadda ka saba. Ka kwana a tasha in ta kama, ka iso mana da safe, tun agogon yana tafiya.

Matarka da ke jira,
Kakarka.