Fankar da Ke Saman Teburina

Litinin, 3 ga Maris
Auta, mai sa mana maɓalli, za ta dawo aiki. Uwar ɗakinmu ce ta faɗa da safe, tana zura zare a keke kamar ba wani abu ta ce ba. Wai likita ya ce tunda ta jima tana shan maganin tarin fukan da ya kwantar da ita, yanzu ba ta yaɗa shi. Ni kuwa bakina ba ya riƙe magana, na ajiye almakashi na ce, "Anti, ko ni ko ita." Ina da jika a gida, ko yaye shi ba a yi ba.

Ta dube ni ta ce, "Na ji." Shi ke nan. Ni kaɗai ce mai yanka a shagon nan. Ta sani, na sani.

Laraba, 5 ga Maris
Kujerar Auta na nan a gefen teburina, inda muka saba raba gulma da abincin rana. Na ɗora buhun ƙyallaye a kai.

Asabar, 8 ga Maris
Ashe Anti ba zaune take ba. Ta je asibitin da Auta ke karɓar magani, ta ga wata fitila a ɗakin jira, ta yi ta tambaya har aka haɗa ta da mai sa ta. Yau mai sa fitilar ta zo. Injiniya, mace, 'yar firit, ita ta ɗauko tsaninta da kanta. Na so in raina ta, ban samu ƙofa ba.

Ta kafa akwatuna biyu can kusa da silin, bakinsu da ƙarafa jere kamar tagar gilas. Haske shuɗi-shuɗi, bai ko isa a zura allura ba. Na ce wannan ne zai tsare mu? Ta yi dariya. Wai hasken da ke aikin ido ba ya ganinsa, shi ke kashe ƙwayar cuta in iska ta bi ta gabansa. Ƙarafan kuma don ya tsaya a sama ne, kada ya taɓa mana ido ko fata. Duk mai hawa sama ya goge ƙura, ya kashe fitilar tukuna.

Ta bi kowace kujera da wata 'yar na'ura, tana auna hasken daidai idon mai zama. Har ta sa Doguwa, wadda ta fi kowa tsawo a shagon, ta miƙe tsaye, ta auna a kanta. Kuma ba ta cika mana baki ba: "Ba magani ba ce, ku bar tagogi a buɗe. Wadda za ta dawo ba ita ce abin tsoro ba, mai tarin da bai san yana da shi ba ne." Kwastoma nawa ke mana tari a ka? Ban taɓa lissafawa ba.

Wallahi yarinyar ta burge ni. Amma ban janye maganata ba.

Talata, 11 ga Maris
Na sha kunya yau. Tun da na fara yanka ban taɓa barin fankar saman teburina ta juya ba. Tana tashi, takardar awo ta bi iska, yadi ya kumbura, almakashi ya karkace. Kowace mai yanka ta san haka. Da safe na kashe ta kamar kullum, sai ga Injiniya ta dawo dubawa.

Ba ta yi faɗa ba. Ta roƙi ɗan ƙyalle, ta kunna masa ashana ta hure. Hayaƙin ya tsaya mana a fuska, yana lilo. Ta kunna fanka a hankali, sai ga shi yana watsewa, yana hawa har gaban akwatin. Ta ce, "Yaya, ƙwayar cuta ba ta da tsani. In ba a kai ta sama ba, fitilar ado ce."

Na ce to takarduna fa? Ta tsaya ta kalli yadda nake shimfiɗa yadi, ta daɗe tana kallo.

Alhamis, 13 ga Maris
Injiniya ta aiko min da manyan notocin ƙarfe guda shida, kowane an naɗe shi da tef don kada ya ɓata yadi. Na danne takarda da su, na kunna fanka. Ko motsi.

Litinin, 17 ga Maris
Auta ta dawo. Ta rame, rigarta na yawo a jikinta. Ta ga buhun a kujerarta, ta ja benci ta zauna bakin ƙofa. Kofinta ma daga gida ta zo da shi. Na ce "Sannu da jiki" daga inda nake. Ta ce, "Yawwa, Yaya." Raina bai min daɗi ba duk yinin.

Ban tafi ba dai. Akwai ɗinki da yawa, ba zan bar Anti da shi ba.

Laraba, 26 ga Maris
Doguwa ta kashe fanka wai tana jin sanyi. Ban san lokacin da na daka mata tsawa ba. Ni!

Juma'a, 4 ga Afrilu
Na ɗauke buhun nan, ƙura kawai yake tarawa. Auta ce ta ga wuri ta zauna, ni ban kira ta ba. Kuma bakin ƙofa rana na dukan ta, maɓallan ma sai an yi ta zagaye ana kai mata.

Anti ta wuce mu, ta kalli silin kamar a can abin kallon yake.

Auta ta tambayi jikana. Na miƙa mata waya ta ga hotonsa, ta riƙe da hannu biyu tana dariya har da ɗan hawaye. Sai da na iso gida, yaron ya wawuri wayar, na tuna ban goge ta ba. Na bar masa.