Shafin Jirgin Ɗana Ya Daina Gane Ni

Assalamu alaikum Anti mai ba da shawara. Don Allah ki taimake ni, kada wasiƙar nan ta kwana a ƙasan sauran.

Bari in fara da mutanen gida. Ni lafiyata lau, in ban da gwiwar hagu da take damuna in na daɗe a kan keken ɗinki. Babbar 'yata tana lafiya a gidan mijinta can nesa, ƙaramin ɗanta ne kawai yake haƙori. Maigidana ne ba lafiya. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye bara magana ba ta fita sosai, a kujera yake yini bakin taga. Kyanwarmu kuwa ta fi kowa ƙoshin lafiya. Wanda ban san halin da yake ciki ba shi ne autana, kuma saboda shi na ɗauki biro.

Ki yi haƙuri da rubutuna. Da girmana na koyi karatu a ajin manya, na zauna benci ɗaya da sa'o'in 'yata, kuma don yaron nan na koya. Makanike ne a jirgin ruwa mai dakon kaya, can ƙasa wurin injina yake aiki. In suna tsakiyar teku lambarsa ba ta shiga. Kamfaninsu ya buɗe wa iyalai wani shafi a intanet, nan yake ajiye min saƙo da hoto, in kuma sun tsaya a tasha sai a ba kowa ranarsa ta ganin gida ta bidiyo. Ban so wani ya riƙa karanta min maganar ɗana yana tsallake abin da ya ga dama, shi ya sa na dage har na iya. A hankali nake karantawa, da yatsa, amma ni nake karantawa.

To da komai yana tafiya daidai. Sai aka damfari wata maƙwabciyarmu ta waya. Da 'yata ta zo duba babanta ta ji labarin, sai ta karɓi wayata ta daɗe tana latse-latse, ta ce ta kulle min duk wata kafa, kuma duk abin da ya fito ya ce in yarda, in ƙi. Na riƙe maganarta gam. Tun daga ranar shafin ya canza min. Ina sa sunana da lambar sirri, ya yi ta juyawa kamar zai buɗe, sai ya maido ni farko, ya sake tambayar ko ni wace ce. In sake sawa, ya sake tambaya. Anti, kamar ki ƙwanƙwasa ƙofar ɗanki a leƙo a ce ba a san ki ba.

Ranar bidiyonmu da ta wuce na yi wa baban aski, na sa masa rigar da na ɗinka masa, na jingina wayar da kwalbar magani a gabansa. Duk cikin maganarsa kalma ɗaya ce take fita tas, ita ce “Auta”, kuma sai ya ga yaron yake faɗinta. Muka zauna har rana ta bar taga, shafi bai buɗe ba. Bai yi fushi ba, ina ma ya yi. Kallon wayar kawai yake yi, ya kalle ni. Da na zo cire masa rigar sai ya riƙe wuyanta da hannunsa mai lafiya.

Akwai wani ɗan rubutu na Turanci da yake fitowa a ƙasa. Na kwafe shi harafi-harafi da allin ɗinki a bayan takardar awo, na kai wa mai kantin magani. Ya karanta yana ƙirga wa wata ƙwayoyi, ya ce cewa aka yi in kunna kukis, sai ya juya ga na bayana. Ban san mene ne kukis ba, kuma kunya ta hana ni tare layi. Mai gyaran waya na bakin titi shi kuma ya ce in kawo a wanke wayar gaba ɗaya, wai sabuwa fil za ta dawo. Na ce muryar ɗana tana ciki, in ya wanke da me zai biya ni? Na karɓi kayata.

'Yata ba na son kiranta a kan wannan. Aikin asibiti take, kullum a gajiye, kuma da na ambaci waya abin da take fara cewa shi ne, me na sake taɓawa. Gidan ya yi shiru, Anti. Masu kawo ɗinki su ajiye su tafi, sai ƙarar keke da tarin baban. Wani lokaci kyanwa nake ba labari.

Ga abin da yake cin raina. Ban so yaron nan ya tafi aikin ruwa ba, kuma ya sani. Ko dai ya gaji da mitata ne ya cire sunana? In kuma kukis ɗin ne, in na kunna ba na buɗe wa 'yan damfara ƙofar da 'yata ta rufe ba? A saƙonsa na ƙarshe da na iya gani ya ce bayan waccan ranar da ta wuce mu, ta gaba Laraba ce ta ƙarshen watan nan, daga nan za su shiga doguwar tafiya. Ki dubi Allah ki amsa min kafin ranar. Ba zan iya sake sa wa mutumin nan riga a banza ba.

Uwar Makanike

Wa alaikumus salam Mama. Ki kwantar da hankalinki, na tsallake da ke layi.

Zan fara da abin da ya fi miki nauyi. Ban ga alamar ɗanki ya cire sunanki ba. Da ya cire, shafin zai ce suna ko lambar sirri ba daidai ba ne. Naki kuwa yana karɓa, sai ya manta, kuma da bakinsa ya faɗa miki dalili a rubutun da kika kwafo. Kwafowar nan da kika yi ita ce rabin gyaran.

Ke mai ɗinki ce, za ki gane kukis da wuri. In mata da yawa suka kawo atamfa iri ɗaya, ai kina maƙala wa kowace wata 'yar alama don ki san mai ita. Kukis ma alama ce. In kin sa lambar sirri, shafin yana ajiye ɗan ƙaramin bayani a wayarki, don in kin matsa gaba ya duba ya ce wannan ta riga ta shigo. Da alama 'yarki ta hana wayar karɓar kowace irin alama, shi ya sa ake maido ki bakin ƙofa.

Ita ma tana da gaskiyarta. Akwai kukis na masu talla da suke bin sawun mutum daga shafi zuwa shafi, waɗannan ƙin su ba laifi. Kuskurenta shi ne ta kulle har da ƙofar da kike shiga. Amma ki sani, masu damfara yawanci ba ta kukis suke shigowa ba. Ta kira suke zuwa, ko saƙo, su lallabi mutum ya faɗi lambar sirrinsa. Wannan kam kada ki ba kowa, har mai gyara.

Ga yadda za ki yi. Ki buɗe manhajar da kike shiga shafin da ita. A yawancin wayoyi akwai ɗigo uku a kusurwa, ki taɓa, ki shiga wurin saiti, galibi da hoton ɗan gargaren inji. Ki nemi sashen sirri ko na saitin shafuka, sannan ki riƙe takardar awon nan kusa, ki nemo kalmar kukis kamar yadda kika kwafe ta. In an zaɓi toshe duka, ki sauya zuwa wanda ya bar na shafin da kika shiga, ya toshe na waje kawai. Ki rufe manhajar, ki sake buɗewa, ki shiga. In shafin jirgin ya tambaye ki ko kin yarda da kukis, shi kam ki yarda. In ya buɗe amma bidiyo ya ƙi, ki koma wurin ki ba shafin nan shi kaɗai cikakken izini. Ki lura kuma kada ki shiga ta baƙin shafin ɓoye mai hoton hula da tabarau, shi ba ya riƙe komai in an rufe. Wayar kuwa kada a wanke ta, kin yi daidai.

Wayoyi sun bambanta, don haka kada ki jira Laraba, ki gwada yau da rana. In kin maƙale, ki kira 'yarki. Kada ki fara da maganar waya, ki fara da rigar babanta. Ba na jin za ta tambaye ki me kika taɓa. Ki kuma gayyaci ɗaya daga cikin ƙawayenki na ajin manya ta zauna kusa da ke, ko ba ta fi ki sani ba. Shirun gidan nan ya yi miki yawa, kyanwa kuma ba ta mayar da magana.

Da shafin ya buɗe, kafin komai ki rubuta wa autanki abin da ya faru. Shi ma ya jira a wancan karon bai ga kowa ba, wataƙila yana can yana zaton mamansa ce ta yi fushi.

Allah ya ba Baba lafiya, ya tsare miki yaronki a kan ruwa. Ki goge rigar nan, Mama, ki jingina wayar da kwalbar magani. Ina fatan ranar Laraba za ki ji an kira Auta a gidanki, kuma a amsa.