Ƙararrawar Bodil

Viborg, 3 ga Maris, 1913

Zuwa ga mahaifiyata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya ciwon gwiwa da wannan sanyi? Na samu saƙonki cewa in bar maganar Bodil, wai tone-tone ba ya ta da matacce. Mama, ba zan bari ba, ƙanwata ce. Don kawai mijinta Laurids ya ce ita ta harbe kanta a kicin, fasto ya sa aka binne ta a jikin katangar maƙabarta, ba ƙararrawar coci ba waƙa. Ke kuma kika sunkuyar da kai.

Alƙali ya kawo wani likita daga Copenhagen, mutum ne da ko gaisuwa ba ya amsawa. Zai gwada bindigar, amma sai da yadi irin na rigar da ta mutu a ciki. Kin tuna shuɗin ulun nan da kika ɗinka mana iri ɗaya? Na kai masa tawa. Kawu Ejnar ya ce na zubar da mutuncin dangi. Na ce ya nuna mini inda ya zube in kwashe.

'Yarki,
Thyra

Viborg, 13 ga Maris

Mama,

Ina gaishe ki, da fatan gwiwar ta yi sauƙi. An yi gwajin a kicin ɗin. Aka rataye alade daga mahauta aka sa masa rigata, maƙwabta na leƙe ta taga suna dariya. Likita ya manna bakin bindiga ya harba, ulu ya ƙone baƙi ƙirin. Ya ja baya iya tsawon hannun Bodil, nan ma ya ƙone. Rigarta kuwa ba ko ɗigon albarushi. Sai da ya tsaya a bakin ƙofa hujin ya zo daidai da nata. Dariya ta ɗauke. 'Yan sanda suka tasa ƙeyar Laurids.

Na yi kuka, don a ƙirji ya same ta. Tana kallonsa ke nan.

Fasto yana ta kame-kame, wai sai an yanke hukunci. Na faɗa masa cewa ran Lahadi mai zuwa ko ya sa a kaɗa wa Bodil ƙararrawar, ko in hau in ja igiyar da hannuna.

Kin gaskata suruki a kan 'yar cikinki, kuma ban gama yafe miki ba. Duk da haka ki zo. In kunya ta hana ki, buɗe taga. Za ki ji.

Ki huta lafiya.

'Yarki,
Thyra