Baitin Maza na Waƙar Inkuba

Kantanshi, Mufulira
19 ga Yuni

Zuwa ga ƙanena Kasonde,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka Bana Mwape da yara da jikoki. Ubangiji ya ƙara muku lafiya, ya tsare ku a wannan Ostareliya da kuka je kuka liƙe. Mu nan da sauƙi, mun gode Allah. An share makoki, baƙi sun watse, an mayar wa coci kujerunta, gidan ya yi mini faɗi. Ƙafar nan tawa ta hagu tana nan yadda ka san ta, sanyin bana bai raga mata ba. 'Yata Lombe ta koma bakin aikinta a Ndola, amma kullum sai ta kira ta tambaye ni ko na ci abinci, sai ka ce ita ta haife ni.

Na ji kukanka a waya ranar da Bashi Lombe ya rasu, na kuma san har cikin ranka ka ji mutuwar, don abokinka ne tun kafin ya zama mijina. Shi ya sa na ƙyale ka wata guda cur ban ce maka uffan ba. Yau kam zan faɗa. Ka lura ban kira ka Bashi Mwape, baban Mwape, yadda ake girmama ka ba, Kasonde na ce, don da ƙanena mai kunnen ƙashi nake magana, ba da dattijon da jikoki ke rusuna wa ba. Takarda kuma na zaɓa da gangan, saboda na san halinka a waya, da magana ta biyo ta kanka sai ka ce layi ba kyau.

Tunda na ga alamar ƙwaƙwalwarka ta riga ka tsufa, bari in tuna maka su wane ne Inkuba. Samari biyar ne 'yan unguwar nan, uku a cikinsu ma'aikatan ramin haƙar ma'adinai, da jita biyu da ganguna da wasu lasifikoki da Sakala mai jita ya harhaɗa da hannunsa. Kowace Asabar ƙarfe biyu na rana suna zauren ma'aikata, mu kuma mun ce wa Mama za mu koyon waƙar coci, takalmana masu tudu suna cikin kwando an rufe su da ganyen kabewa. Ka manta yadda tagogi ke kaɗawa idan Sakala ya ja wayar jitar nan ta yi kuka kamar jiniyar canjin aiki? Ka manta Mpundu mawaƙinsu, da wandonsa mai faɗin ƙafa, yana dirowa daga kan lasifika cikin mutane? Ranar da allon silin ya rufto kusa da mai ganga, ko waiwayawa bai yi ba, ya ture shi da ƙafa ya ci gaba. Mutum zai fito daga ƙarƙashin ƙasa da safe a gajiye liƙis, ya watsa ruwa, ya zo ya yi awa uku yana tsalle. Ni dai ban sake ganin abu irin wannan ba, kuma na ga abubuwa.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne yanzu Turawa na yawo kasuwanni da jaka suna neman tsofaffin fayafayan kiɗan rok na ƙasar nan, ana ta kururuta waɗanda a zamaninmu su ake sawa su ɗuma wa Inkuba fili kafin su hau. Su kuwa ko a bakin mahaukaci ba ka jin sunansu. Faifai ɗaya tak suka buga, shi ma cikin yini guda, murya kamar daga cikin tulu, wanda bai gan su da idonsa ba ba zai taɓa gane abin da muke faɗa ba. Na sa Lombe ta duba su a wayarta, ta ce Mama babu su fa. Na ce to wayar ce jahila.

Waƙar Ƙofar Rami kuwa ko a wannan faifan ba ta shiga ba, wai ta yi tsawo. Ka san yadda ake yin ta: baiti uku na mata ne, matar da ke tsaye a ƙofa tana tambayar duk wanda kejin ɗaukar ma'aikata ya hauro da shi daga rami ko ya ga mijinta, sai baiti na huɗu maza su amsa gaba ɗaya, muryar mijin ke nan daga can ƙasa. A wajen wannan amsar na fara sanin Bashi Lombe, don a cikin kunnena ya kwarara ta har na juyo na zage shi. Shekara arba'in da bakwai, in ina tuƙa tuwon masara na yi baitina uku a hankali, sai ya amsa mini daga bakin ƙofar kicin. Amma wannan a cikin gida ne. A waje ka san ko ni wace ce: shekara goma sha biyu ina shugabar zumuntar mata, na ƙwace wayoyin 'yan mata ba adadi, kuma da bakin nan nawa na sha kiran irin wannan kiɗa kiɗan mashaya.

Kwana biyu kafin ya cika, a asibiti, ya riƙe wuyan hannuna ya ce shi ba ya son akwati mai tsada, ba ya son dogon wa'azi, abu ɗaya yake roƙo, a yi masa Ƙofar Rami a bakin kabari. Ya ce kaset ɗin yana wajen Kasonde. Na ce to, na yi alkawari. A raina na riga na tsara komai: in fasto ya gama ya juya baya, Lombe ta kunna a waya a hankali, a yi a gama, babu wanda zai ce da hannuna a ciki.

To, mu zo kan kaset. Kai ka ɗauki waƙar da sabuwar rikodarka a shekarar saba'in da shida, ban musa ba, amma kyauta ka ba mu ranar aurenmu. Da za ka bar ƙasar ka zo ka ce aro, mako ɗaya, za ka kwafa ka dawo da shi. Shekara talatin da uku ke nan makon bai cika ba. Duk sanda marigayi ya tambaye ka sai ka ce yana cikin akwati a adane kamar ƙwai. Ana gobe jana'iza ka turo wa Lombe a waya, har da cewa ga shi nan Yaya, ki daina yi mini faɗa. Muka shiga ɗaki muka rufe ƙofa, ta kunna. Na ji hayaniyar zauren, na ji Mpundu yana gaishe da mutanen Kantanshi, na ji mai ganga ya buga sanduna sau huɗu. Sai ƙas! Sai ga wani ƙato yana ihu wai an buga kwana. Ƙwallo, Kasonde! Wasan Mufulira da Kitwe ka ɗora a kai, minti casa'in cif, har da muryarka a gefe kana zagin alƙalin wasa da iyayensa. Ko saurara ba ka yi ba kafin ka turo. Kuma don ka ji daɗi, ci biyu da nema aka yi mana a wasan.

Ba zan yi maka ƙarya ba, bayan na gama tsine wa rikodarka sai na ji wani sanyi a raina. Dama fasto ya riga ya ja wa dangi kunne cewa waƙoƙin littafi kaɗai za a yi a makabarta. Na ce wa kaina Allah ya ga na yi ƙoƙari, laifin na Kasonde ne. Abin da ban sani ba, mutumin nan ya san matarsa sarai. Ashe ya aika an kira masa Sakala da Bana Jere, ya faɗa musu abin da ya faɗa mini. Ka tuna Bana Jere, ƙawata 'yar Chipata mai bakin nan? Ita da Sakala duk mutanen Gabas ne, abokan wasanmu, suna ce mana masu cin biri muna ce musu masu cin ɓera, kuma ka san a jana'izarmu ta Babembe ba mai hana su abin da suka ga dama.

Tun daga gida suka shafe mu da garin masara, fasto ma bai tsira ba, tabaransa fari fat. Da aka gama addu'a za a saukar da akwati, sai Bana Jere ta je ta zauna a bakin kabarin ta zura ƙafafu ciki. Ta nuna akwatin ta ce wannan mai cin birin ba inda za shi sai an yi masa waƙarsa, in kuwa ana gardama a kawo mata tuwo nan, ita ba ta sauri. Fasto ya fara cewa Bana Jere a ji tsoron Allah, ta ce kai ma ɗan masu cin biri ne, rufe mana baki, yau ranarmu ce. Sai ga Sakala ya ratso mutane yana jan ƙafa, kansa fari tas, da tsohuwar jitarsa da wata 'yar lasifika mai batir. Wani daga danginmu ya ce masu cin ɓera kun zo da kiɗa, to wa zai yi waƙar, tunda Mpundu ya shekara talatin a ƙasa? Ta ɗaga hannu ta nuna ni. Ta ce ga ta can cikin farar riga da ɗankwalin zumunta tana sunkuyar da kai kamar ba ta san komai ba, wannan uwar tsarkakan da kuke gani, ni na riƙe mata takalma ranar da ta hau tebur a zauren ma'aikata, sai da maza biyu suka sauko da ita.

Kasonde, na so ƙasa ta tsage in shige. Matan zumunta arba'in suna bayana cikin kayan coci, 'yan matan da na ƙwace wa waya suna gefe sun zuba mini ido. Ina iya yin shiru, babu mai dukan gwauruwa a bakin kabarin mijinta. Amma Sakala ya ja wayar nan, yatsunsa duk sun ƙage, sai ga kukan nan ya fito yadda yake, na dubi akwatin na tuna hannunsa a wuyan hannuna. Ban san sanda na buɗe baki ba. Na yi baiti na farko a hankali, a na biyu wasu tsofaffi mata uku suka kama mini, ɗaya ma daga cikin 'yan zumuntata, a na uku kuwa da ƙarfina na yi shi, yadda muke yi a zaure.

Sai na yi shiru ina jiran amsa. Sakala ya shiga baitin maza da jita, ya ɗaga kai yana duban tsofaffin da ke wurin, don shi tun asali ba ya waƙa, jita kawai ya sani. Mutum biyu suka buɗe baki, suka kama kalmar farko, suka maƙale. Babu wanda ya tuna. Ni ma na lalubi baitin a kaina na rasa, don ban taɓa koyonsa ba, ban taɓa buƙata ba, kullum akwai mai yi mini. Lombe ta ce wai har juyar da kai na yi gefen hagu, kamar mai sauraron ƙofar kicin. Bana Jere ta janye ƙafafunta ta tashi ba wasa a fuskarta, aka saukar da shi jita tana ta yi ita kaɗai.

Kwamitin zumunta ya zauna, an ce in ajiye kayan coci wata uku in yi nazarin kaina. Na ninke na sa a akwati, kuma abin bai dame ni yadda na zata ba. Biyu daga cikin waɗanda suka yanke hukuncin sun biyo ta ƙofar baya wai in maimaita musu baiti na biyu, na ce su je su yi nazarin kansu tukuna.

Ga abin da nake so da kai, kuma ba roƙo ba ne. 'Yan Inkuba huɗu sun mutu, Sakala bai san kalmomin ba, na zaga Kantanshi da Kankoyo gida gida ban sami namiji ɗaya da ya riƙe baitin ba. Kai ka shekara uku kana kwarara shi kowace Asabar har muryarka ta dushe. Ka kashe ƙwallon nan, ka zauna, ka matse kanka har ya fito, ka rubuto mini da hannunka. Kada ka ƙirƙiro, zan gane. Watan Yuni mai zuwa za a ɗora dutse a kabarin, Sakala ya ce in yana raye zai zo, ni zan yi ukuna, kai kuma za ka hau jirgi ka zo ka tsaya a gefen hagu ka amsa. Jiya ina tuƙa tuwo na yi baitin nan uku ban sani ba, na tsaya da muciya a hannu ina jira har tukunyar ta kama.

Ka gaishe mini da Bana Mwape da kyau, ka ce mata na gode da zanen da ta aiko. Ka gaishe da Mwape da mijinta, da Chileshe, da jikoki duka. Lombe tana gaishe ka, ta ce in faɗa maka ta saurari wasan har ƙarshe, kuma alƙalin yana da gaskiya. Bana Jere ta ce a gaishe da mai cin birin da ya gudu. Ubangiji ya tsare ku, ya buɗe maka ƙwaƙwalwa.

Ni ce yayarka da ba ta huce ba tukuna,
Nsofwa, Bana Lombe